Rigar da Na Wanke

Shekarun da na yi ina koyarwa a Bodinga, ni ne mai kula da wasan kwaikwayo a makarantarmu, ni ne kuma telan 'yan wasan. Ba wanda ya naɗa ni. A gidan maɗinka na tashi, na iya taka keken ɗinki, sauran malamai kuwa ko maɓalli ba sa iya sawa. Aikin ba ya bari in zauna wuri ɗaya. In na ga tsoho a kasuwa da wata irin taguwa, sai in yi ta binsa ina duban yadda aka haɗa hammata, har ya waiwayo ya tambaye ni ko lafiya.

Da na fara, lokacin farar hula, yadi ba ya wuya. Kafin soja su karɓi mulki komai ya tsuke, bayan sun karɓa kuma sai layi: layin shinkafa, layin madara, layin sabulu. A cikin wannan hali na rubuta wasa a kan wani madugu da ayarinsa na fatake. Kayan fataken ba su dame ni ba. Buhunan gari na farke, na jiƙa a ruwan jar ƙasa, suka fito kamar sun shekara a hanya. Rigar madugun ce ta hana ni sakat. Kore nake so, rigar saƙi mai baƙin rini da sheƙi irin ta mutanen da. Na gwada rina yadin akoko da bula, ya fito kamar kayan makaranta. Haushi ya sa na yi tsumman goge allo da shi.

Sai na tuna da wani dattijo a Shagari, aminin mahaifina, wanda ubansa ya yi fatauci na gaske. Ban tsaya shawara da kowa ba, na hau mota. Na same shi a zaure yana gyaran igiyar shanu. Da muka gama gaisuwa na faɗi buƙatata, sai ya shiga gida ya fito da ƙunshi. Da ya warware, sai ga riga. Baƙa ce wuluk mai ɗaukar ido, da aikin zare a ƙirji, ga nauyi a hannu.

Ya ce, "Ɗana, tun da mahaihina ya cika ba wanda yas sa ta. Don darajar babanka nika ba ka. Yadda kag gan ta, haka nika son ka maido min ita."

Na ce, "Baba, in Allah ya so ko zare ɗaya ba zai motsa ba."

A ɗakina na shimfiɗa ta ina dubawa. Wuyan ya yi tauri, tana tashin wani wari na tsohon turare da hayaƙi da jiki, yatsuna kuma duk sun yi shuɗi. A lokacin ina ji da kaina, na fito kwalejin horon malamai, ina koya wa yara tsabta kowace safiya. Na ce a raina tsofaffin nan ba su san adana kaya ba. Ina da ƙullin garin sabulu da na yini a layi kafin na samu, wanda nake tattalinsa kamar magani. Na yanke cewa rigar nan ta cancanci sabuluna. Wallahi karamci nake nufi.

Ina tsoma ta a bokiti ruwan ya koma kamar tawada. Na zubar, na sake, haka. Da ta bushe a igiya sheƙin ya tafi gaba ɗaya, ta zama wani abu toka-toka mai laushi. Tsohuwar da nake haya a gidanta ta fito, ta dubi igiya, ta dube ni.

Ta ce, "Malam, kore kaw wanke? Ai ba a wankin kore. Shuni aka sa mata, a buga."

Ni ɗan maɗinka, amma yadin kanti kaɗai na sani. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Ba wasan nake tunani ba, fuskar dattijon nan nake gani, da ta mahaifina in labari ya kai masa.

Daga ranar ban sake cin abinci a zaune ba. Na je tsohuwar marina da aka kwatanta mini, na tarar ramukan rinin sun cika da toka da shara. Aka ce akwai mabugi a wajen Kajiji. Na ari babur, na sayi mai da tsada, na je na tarar mutumin ya bar sana'a ya koma noman albasa, gungumen bugun ma an yi makamashi da shi. A aji ina rubutu a allo ina manta abin da na fara. A ƙarshe dai sai Sakkwato, inda na sami mabuga a wani lungu. Babbansu ya juya rigar, bai zage ni ba, ya dai tambaya ko ni yaro ne. Suka mayar da ita rini, suka yayyafa shuni, suka yi ta dukanta bisa itace. Da na karɓa tana walƙiya fiye da yadda aka ba ni. Na yi murna, na ɗauka na tsira.

An yi wasa, an tafa. Ban iya tuna ko layi ɗaya ba, idona na kan rigar har aka tashi.

A motar Shagari ina ta saƙa da warwara: in faɗa, ko in yi shiru tunda ta fi da kyau? Ban gama yankewa ba har na durƙusa a zauren. Ya warware ƙunshin, bai ma kalli sheƙin ba. Wuyan rigar ya kai hancinsa. Ya daɗe a haka. Ya juya ɗaya gefen ya sake shinshinawa.

Ya ce, "Wanda yab buga ta ya iya aiki."

Nan na zayyana masa komai, har da layin sabulun, kamar zai rage wani abu. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Abin ga da kag gani ga wuya, zuhwar mahaihina ta. Duk Salla nikan hiddo ta in shinshina, in maida."

Na yi ta ba shi haƙuri. Ya ninke ta a hankali yadda take, ya ɗaure, ya turo mini gabana.

Ya ce, "Tahi da ita, ɗana. Yanzu ta dace da wasanku."

Na roƙe shi ya riƙe, ya tambaye ni ya damina a Bodinga. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Rigar ta yi mini wasanni da yawa bayan nan, kowa ya gani sai ya yaba. Dattijon bai taɓa faɗa wa mahaifina ba. Har mahaifina ya rasu yana ba baƙi labarin yadda amininsa ya ɗauki rigar gado sukutum ya ba ɗansa kyauta, ni kuma ina zaune a gefe ina zuba musu shayi, ban taɓa gyara masa zancen ba.