Babban Daraktan Shagon Bayan Tasha

Duk wanda ya san Gwandu ya san shagon Basharu, ko da bai san sunan mai shi ba. Shi ne ɗan shagon nan mai koren ƙyaure a bayan tasha, inda ake sayar da maganin tsutsar ciki da na kaska da gishirin lasa na shanu. Basharu ɗan Malam Sirajuddeen ne, gidan malamai tun kaka da kakanni. Mahaifinsa ya so ya gaji karantarwa, shi kuwa ya tafi Birnin Kebbi ya yo difloma a kan lafiyar dabbobi, ya dawo da takarda a cikin leda da wata murya ta musamman da yake ajiyewa don ranar da zai ce "a kimiyyance".

Amma a faɗi gaskiya, ya iya aikinsa. Idan saniya ta kasa haihuwa a Dodoru, ko tumaki suka fara zawo a Kambaza, shi ake kira. Ya hau babur ɗinsa ya tafi, ya dawo da kashin shanu har gwiwa. Wani ya biya shi kuɗi, wani ya ba shi zabuwa, wani ya ce sai ranar kasuwa. Da haka ya yi aure, ya gina ɗaki biyu da falo, ya sa 'ya'yansa makaranta. Mutum ne da ya kamata ya gode wa Allah ya yi barcinsa.

Sai wata ƙungiya ta shirya taron bita na ƙananan 'yan kasuwa a Birnin Kebbi, irin wanda ake ba da shinkafa a roba da kuɗin mota. Basharu ya je don kuɗin motar. A can wani matashi mai ƙaramar riga da ta matse shi ya tsaya gaban allo ya ce, a wannan zamani, duk ɗan kasuwar da ba ya kan dandalin ƙwararru na intanet, to babu shi a duniya. Basharu, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku da tumbi da ya fara fitowa, a ranar ya samu labarin cewa babu shi.

Shi wannan dandali kamar sauran wuraren hira na waya yake, sai dai a nan ba a sa hoton biki ko na suna. Kowa sanye da kwat, kowa shugaba ne, kowa kullum yana farin cikin sanar da duniya cewa ya samu sabon muƙami. Ba ka taɓa ganin wanda aka kora daga aiki ba, sai wanda ya "buɗe sabon babi".

Basharu ya buɗe nasa shafin. Ya raɗa wa shagon wani dogon suna da Turanci, wanda ma'anarsa ita ce Kamfanin Lafiyar Dabbobi na Sahel da Ƙasashen Ƙetare. Ya naɗa kansa Babban Darakta, babu hamayya. Ya ari kwat wurin wani abokinsa ma'aikacin banki, ya tsaya gaban ƙofar gilas ta wani gidan mai, ya harɗe hannuwa aka ɗauke shi hoto. Da matarsa Zulaiha ta ga hoton, sai ta ce, "Baban Rumaisa, wanga mutum ya yi kama da kai. Allah ya sa dai ba nemanai aka yi ba."

Ba a daɗe ba dandalin ya fara aiko masa da albishir: mutane sun leƙa shafinka. Su wane ne? A nan aka rufe fuskokinsu da hazo. In yana son ganinsu sai ya shiga sahun manya, masu ɗan tambarin zinariya kusa da sunansu. Watan farko kyauta ne, saboda tsabar ƙaunar da suke yi masa, lambar katin banki kawai suke so su riƙe don zumunci. Basharu ya ba su.

Hazo ya yaye. Waɗanda suka leƙa shafin su ne: wata baturiya mai sayar da darasin yadda ake zama shugaba, wani mutum daga Indiya mai sayar da dabarar jawo mutane su leƙa shafinka, da kuma shi Basharu da kansa, ranar da ya duba ta wayar Zulaiha don ya ga yadda yake a idon duniya.

Watan kyauta ya wuce shiru, bai ko yi sallama ba. Basharu yana tsugune a wata ruga yana ɗura wa maraƙi magani ya ji wayarsa ta yi ƙara. Masu dandalin da dala suke lissafi, kuma dala a lokacin kullum sai ta ƙara hawa. Abin da aka zare masa ya kai kuɗin tunkiya matashiya. Ya daɗe yana kallon wayar, har mai maraƙin ya tambaye shi ko rasuwa aka yi.

A gida ya yi wa Zulaiha bayani a kimiyyance. Ya ce wannan ba asara ba ce, zuba jari ne.

Ta ce, "To mi suka ba ka?"

"Tambari."

"Na zinari?"

"Launin zinari."

"Ana iya kai shi wurin maƙera a auna?"

Ya ce matsalar mutanenmu ke nan, ba su da hangen nesa. Ta ce ita kam tana hangen buhun gero, kuma ta hango ƙasansa.

Mai hankali zai tsaya nan. Basharu kuwa ya gano cewa laifin ba na tambari ba ne, rashin talla ne. Dandalin ma ya yarda da shi, har ya nuna masa inda zai danna. Tsarin tallar mai sauƙi ne: duk wanda ya taɓa tallarka da yatsa, a cire maka kuɗi, ko ya saya ko bai saya ba. Basharu ya rubuta cewa kamfaninsa na neman manyan abokan hulɗa, ya zaɓi a nuna wa mutanen jihar Kebbi.

To su wa ke kan wannan dandali a Kebbi? Ma'aikatan banki, malaman jami'a, da abokan karatunsa masu neman aiki. Babu mai ko akuya a cikinsu. Amma mutanen kirki ne masu zumunci. Duk wanda ya ga tallar sai ya danna, ya rubuta, "Ma sha Allah, Darakta, Allah ya sanya alheri." Kowace addu'a da farashinta. Abokinsa mai kwat, saboda ƙauna, kullum sai ya danna. Kafin mako ya zagayo, fatan alheri ya cinye ribar maganin kaska ta damina guda. Su kuwa Fulanin da ke sayen maganin, suna can da ƙananan wayoyinsu masu tocila, ba su san an yi ba.

Ana cikin haka sai ga saƙo daga wani T. U. Faruk, Shugaban Rukunin Kamfanonin Hatsi na Afirka ta Yamma. Shi ma da tambarinsa na zinariya, da kwat, da baƙin tabarau, yana jingine da wata doguwar mota. Ya ce ya ga talla, kuma rukunin kamfanoninsa na sha'awar haɗin gwiwa.

Basharu ya kai wa Zulaiha wayar har madafi. "Karanta. A'a, wanke hannu tukuna."

Suka yi ta musayar saƙo da Turanci mai nauyi, kowa na buɗe ƙamus. Basharu ya ce sai ya tuntuɓi hukumar daraktocinsa, ya je ya yi sallar la'asar ya dawo ya ce hukuma ta amince. Shugaba ya ce yana kan tafiye-tafiye, amma zai ratso Birnin Kebbi, su haɗu a wani babban otal. Basharu ya riga ya gama kashe kuɗin a zuci: mota mai firji ta ɗaukar allurai, reshe a Jega, reshe a Argungu.

Ranar haɗuwa ya sake aron kwat, ya shiga motar haya, ya sauka nesa da otal ya ƙarasa da ƙafa don kada a ga abin da ya kawo shi. A zauren baƙi mutum ɗaya ne zaune, cikin kwat da ta yi masa yawa, yana goge ƙurar takalmi da bayan wandonsa. Ya ɗago kai. Babu tabarau.

"Basharu?"

"Taju? Tajuddeen na Kalgo?"

Tare suka yi sakandare, benci ɗaya, har sun taɓa shan bulala tare a kan satar mangwaron shugaban makaranta. Rukunin Kamfanonin Hatsi na Afirka ta Yamma injin casar shinkafa ne guda ɗaya a Kalgo, ƙarƙashin rumfar kwano, mai aiki ranar da aka samu man dizal. Doguwar motar ta wani ɗan siyasa ce da ya tsaya sayen rake.

Suka zauna. Ma'aikacin otal ya zo da takardar abinci, manyan 'yan kasuwan biyu suka duba farashi, kowa ya ce ai ya ƙoshi.

Tajuddeen ne ya fara magana. "Wallahi na ɗauka kai ne za ka zuba mani jari. Buhu shida na shinkafa na sayar a kan wanga tambari."

"Ni har na yi wa Zulaiha alkawarin firji."

Tajuddeen ya fara dariya, irin wadda ba ta da daɗi da farko, har ta zama ta gaske. Basharu ya so ya riƙe fushinsa, ya kasa. Mai gadi ya leƙo, suka tashi suka fita, suka cire kwat suka rataya a kafaɗa, suka sami mai tuwo a bakin titi.

A kan tuwon ne, bayan an gama zagin dala, Tajuddeen ya yi ƙorafin dusar shinkafa da ta taru masa a bayan inji, har maƙwabta na kuka da ɓeraye. Basharu ya ajiye lomarsa. Duk rani makiyayan Gwandu ba abin da suke tambayarsa kamar inda za su sami dusa mai sauƙi. Shi kuma Tajuddeen ya ce manoman Wurogauri da ke kawo masa casa kullum suna neman mai duba shanun huɗarsu. Kafin su wanke hannu sun gama magana, da Hausa, ba a tuntuɓi hukumar kowa ba.

Cinikin ya kama. Ba a yi arzikin sayen mota mai firji ba, amma Zulaiha ta samu nata firjin, na hannu, mai ƙara kamar injin markaɗe. Har yau gardama ba ta ƙare ba a gidan. Basharu ya ce duk wanda ya ce dandali bai yi aiki ba ya zo ya ga dusa. Zulaiha ta ce da ya halarci taron tsofaffin ɗalibai da ake ta kiransa yana cewa ba shi da lokaci, da ya ga Taju a kyauta, har da lemo.

Ya dai yi niyyar fita daga sahun manya. Ya nemi wurin fita, aka tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata. Aka ce za su yi kewarsa ƙwarai. Aka sake tambaya. Daga ƙarshe aka ce, saboda darajarsa, an rage masa rabin kuɗi na wata biyu. Basharu bai taɓa iya wuce rangwame ba. Ya shaida wa Zulaiha cewa ya ci su da ciniki.

Da suka kama wani ɗaki kusa da shagon don ajiye dusa, rigima ta tashi a kan allon da za a kafa. Tajuddeen ya ce shi ne shugaba tun da dusarsa ce. Basharu ya ce a Gwandu ake, kuma masu saye nasa ne. Sai da maganar ta kai gaban Malam Sirajuddeen, wanda ya saurare su da haƙurin da yake sauraron rabon gado, sannan ya ce a rubuta duka biyun. Haka mai fenti ya yi: Shugaba Basharu a dama, Shugaba Tajuddeen a hagu. Ranar da motar dusa ta iso daga Kalgo, za ka same su a ƙofar ɗakin, fuska fari fat da gari, shugaba na ɗora wa shugaba buhu a ka.