Riga Ɗaya, Yara Tara

A cocinmu na 'yan Kwango da ke Kampala, yau ana yi wa yara tara baftisma, kuma farar riga ɗaya tal ake sa musu bi da bi. Mai rigar wata gajeriyar tsohuwa ce da ban taɓa gani ba, tabarau a kan hanci, allura soke a ɗankwali. Na ji ana kiranta Mama Nsimire. Daga yadda take kakkaɓe rigar bayan kowane jariri, ina zaton daga garin Bukavu na Kwango ta gudo da ita, ta baro abin da ya fi ta tsada.

Na taran ba jariri ba ne. Shekararsa uku, gudun hijira ne ya jinkirta shi, kuma kansa ya ƙi shiga wuyan rigar. Fada, limamin cocin, yana jira. Uwar ta sunkuyar da kai, tana cewa a bari sai baɗi.

"Baɗi ai sai dai buhu," in ji tsohuwar. "Riƙe min shi, 'yata. Kai kuma maigidana, wannan kan duk naka ne?"

Ra'ayina shi ne abin gado a kiyaye shi, kuma ina da hujjoji. Kafin in jera su, ta sa haƙori ta farke ɗinkin har kafaɗa, yaro ya shige. Sai yanzu na lura cewa zare kala uku ne a wurin. Ashe ba yau ta fara ba.