Duwan ɗin Halilu a Gindin Gawo

Ni mai shayi ne a tashar Konni, inda motocin Dogarawa ke lodi, kuma a iya zamana a nan ban ga motar da ta kai ta Halilu ban haushi ba. Ƙofa ɗaya ce ke buɗuwa don Allah, sauran sai da lallashi. In ya tashe ta, hayaƙin a kan tukunyata yake sauka. Na yi magana har na gaji, amsarsa kullum ita ce ai hayaƙin ma baƙo ne, in ba shi shayi.

Halilu mutumin Tajaye ne, dogo, ba ya dariya, ba ya gudu, ba ya kunna rediyo. Mai gaggawa ba ya shiga motarsa sau biyu. Shi ya sa iyaye suka mai da shi mai kai yara. Duk auren da ya mutu tsakanin Konni da Dogarawa, in an haihu, to a motar Halilu ragowarsa ke yawo: ran Asabar yara su zo wajen uwa, ran Lahadi da la'asar su koma gidan uba saboda lakwal, wato makaranta.

Sai dai yaron da iyayensa suka rabu ba ya tafiya hannu rabbana. Ban da ƙullin tufafinsa, akwai saƙo. Manya biyu, kowanne da waya a hannu, amma sun rantse ba za su kira juna ba. Maganar da ta fi ƙarfin bakinsu sai su zuba ta a kunnen yaro su ce ya kai. Wannan hali yana ƙona mini rai, ba zan ɓoye ba.

Halilu ya ƙago nasa maganin. Akwai wani gawo a bakin hanya, bayan an fita gari. Nan yake tsayawa ya ce injin ya yi zafi, kuma ba ƙarya yake yi ba. Fasinjoji su sauka miƙe ƙafa, shi kuma ya ja yaron gefe, ya tsuke fuska irin ta ma'aikatan duwan masu binciken kaya a kan iyaka. A Konni ko ɗan goye ya san duwan.

"Mi anka ɗoro maka?" zai tambaya.

In gaisuwa ce, ya ce ta wuce. In baƙar magana ce, ya miƙa hannu, yaron ya faɗe ta a cikin tafin, shi kuma ya dunƙule ya tura a kogon gawon. "An kama. Wanda ya tambaye ka, ka ce Halilu ne." Yawancin iyaye ba sa tambaya, don kunya ba ta ƙare a duniya ba tukuna.

Sahiya ce ta tambaya. Tela ce a nan Konni, bakinta ya fi almakashinta kaifi. 'Yarta Salamatu, yarinya mai shiru da ba ta wuce aji huɗu ba, tana zaune wajen ubanta Almoustapha a Dogarawa. Shi kuma Almoustapha ba a ce masa "in ka isa". An taɓa ce masa in ya isa ya sayar da jakinsa, ya kuwa sayar da shi ana tsakiyar damina, ya yi kakar shekarar yana ɗaukar damin hatsi a ka.

Wata Lahadi, a gabana, Sahiya ta gyara wa yarinyar ɗankwali ta ce, "Na ji ya ce ina ɓata ki da kitso da kwalliya. Ki ce ma ubanki, in ya cika namiji shi hana ki zuwa."

Salamatu ta zauna a bencina tana jiran mota ta cika. Na ba ta shayi, ya huce a hannunta. Leɓenta na motsi, tana bitar saƙon kada ta manta, don yarinya ce mai jin magana. Ta kuma san ubanta fiye da mu duka. In ta kai saƙon, ta gama ganin uwarta ke nan. Tausayinta ya kama ni har na zuba wa wani sukari sau biyu.

Asabar ta zagayo, sai ga ta ta sauko daga motar Halilu da ƙullinta. Na yi murna ƙwarai. Washegari kuwa Sahiya ta shigo tasha mayafi a kafaɗa, yarinyar na biye da ita. Halilu na ƙarƙashin mota yana ɗaure wani abu da waya.

"Malam Halilu, hito! Ɗiyata ta ce an kama saƙona a duwan. Wace duwan?"

Ya fito a hankali, ya goge hannu. "Tawa ce."

"Wa ya sa ka? Kai ka haihe ta?"

"A'a. Ni kai ta nike, in maido ta." Ya dubi yarinyar, ya dubi uwar. "Ni ma an aike ni haka, Hajiya, ina kamar ta. Innata ta ba ni saƙo ga babana. Na iya hadda, ko kalma guda ban rage ba. Da na gama hwaɗi, baba ya ce to, ya ji. Ban koma ganin innata ba sai ranar da anka kira ni jana'izatta."

Ya faɗi haka kamar mai ba da labarin faci, ya koma ƙarƙashin motarsa. Mun daɗe muna zama benci ɗaya da mutumin nan, ban taɓa tambayar me ya sa ba ya ɗaukar lodin Tajaye ba.

Sahiya ta ja da baya. Ta zauna a bencina har mota ta cika, ba ta sayi shayi ba, ni ma ban yi mata tayi ba. Da aka ce a shiga, ta ja Salamatu, ta kwance ɗankwalin da ba abin da ya same shi, ta sake ɗaurawa.

"Ki ce ma…" ta fara.

Yarinyar ta ƙame, ido a ƙasa, tana jira. Halilu ya leƙo ta taga.

Sahiya ta dube shi. "Ki ce ma direba shi tahi sannu. Asabar ina jiranki."

"Wanga saƙo ya wuce," in ji Halilu. "Motar dai ba ta iya komi ba in ba sannu ba."

Ya tashe ta, hayaƙin ya sauka a kan tukunyata. Ranar ban ce masa komai ba.