Ɗanmalam Mahauci da Saniyar da Ta Faɗi

Ranar Litinin, 9 ga watan Mayu, 2011, ana shirin sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Sulaimanu, wanda duk Garwa ta sani da Ɗanmalam Mahauci. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Bakina ya faɗi haka tare da na kowa, amma har yau hankalina bai kama ba. Mutumin da na gani da idona kwanan nan ya saɓa cinyar bijimi a kafaɗa yana mini tsiya, wai goro ya cinye mini haƙora, shi ne muka ɗauka a makara.

Ɗanmalam, ba mutuwarka kaɗai ta girgiza ni ba. Tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba ake yawo da sunanka a bakin kasuwa, wai ka ciyar da mutane cuta don neman riba. Ba ka nan balle ka ba da amsa. Ni Abakar, da muka yi karatun allo a zaure ɗaya, rumfar gorona tana kallon teburinka shekara da shekaru, ni zan faɗi abin da na sani, da mai daɗin da marar daɗin.

Ayari ɗaya ya kawo kakanninmu daga ƙasar Kano, nawa da goro, naka da wuƙa. Ka gaji fawa, amma ka yi ta da wani hali da ya sa 'yan'uwanka mahauta suka laƙaba maka limamin shanu. Ba ka wasa wuƙa a gaban dabba. Ba ka yanka wata alhali wata tana kallo. Sai ka ba ta ruwa ta sha, ka shafa mata wuya, masu jiran nama suna ta tsaki kai ko a jikinka. Na taɓa ganin ka tare wata babbar mota da aka cunkusa wa shanu za a kai kudu, ɗaya ta durƙusa sauran suna tattaka ta. Ka tsaya a gaban motar da taguwarka mai jini, ka ce ba inda za ta sai an ɗaga saniyar nan. Direba ya zage ka da Faransanci, ka rama da Fillanci, 'yan kallo suna yi wa juna fassara da Hausa. Ƙarshe dai sai da aka sauke ta.

Ni kuwa da ban iya cin tuwo babu nama ba, kullum a cikin shan faɗanka nake. In na bar tsoka a jikin ƙashi sai ka tura mini kwanon, ka ce, "Abakar, rai fa aka ɗauka saboda cikin nan naka. Cinye." Ina dariya ina cinyewa, ban taɓa tsayawa na yi tunanin maganar ba.

Kowa ya san yadda muke yi in dabba ta faɗi a kasuwa. Ba a tsayawa tambaya, mai wuƙa ake nema, a yanka ta kafin rai ya fita don kada ta zama mushe. Haka muka tarar, haka ake yi daga nan har garin Tinyer. Kai kuma ka ƙara wa abin wata doka taka: naman dabbar da ta faɗi ba ya hawa teburinka. Ba ka sayar da shi ko ga wa. Sai ka yanyanka ka raba wa gidajen unguwa da ba su ganin nama sai da salla. Masu cewa riba ka nema su ji wannan da kyau.

Abin da ya faru ke nan a wata kasuwar shanu ta wajen Bibemi. Wani dattijon Bafulatani ya koro saniyarsa tun daga daji cikin zafin bazara, tana isowa ta zube tana rawar jiki. Ya riƙe mata kai yana hawaye, don ita zai sayar ya sayi hatsi. Aka ce ina mai wuƙa, kai ne kusa. Ka yanka, ka feɗe, ka saye ta gaba ɗaya don kada dattijon ya koma gida hannu biyu. Waɗanda suke wurin sun ce har ya ɓace cikin jama'a yana waiwaye yana godiya da Fillanci, "Useko, useko." Ka gasa ɗan hanta sama-sama a wurin ka ci, kamar yadda mahauta kan yi, ka loda sauran a mota. Kafin magariba unguwarmu ta ɗauki ƙamshin miya. Gidana ma an kawo, ba don mun rasa ba, sai don ka san halin cikina.

Bayan 'yan kwanaki wani ƙurji ya fito maka a hannu, inda ƙashi ya ɗan karce ka. Tsakiyarsa ta yi baƙi ƙirin kamar gawayi. Ka ce maruru ne, ka ɗaure da tsumma ka ci gaba da sara. Sai hannun ya kumbura har kafaɗa, ciki ya murɗa, zazzaɓi ya kayar da kai a bayan tebur. A asibiti likita ya duba hannun, sannan ya tambaya ko ka taɓa dabbar da ta faɗi. Ya ce cutar saifa ce, wadda ke kashe shanu farat ɗaya, kuma tana kama wanda ya feɗe da wanda ya ci. Ya ce kai an makara, amma sauran da suka ci, in sun zo da wuri, magani zai yi musu aiki.

Ba zan ce ba ka yi kuskure ba, don kai da bakinka ka hana ni. Ka ce mini, "Na ga saifar ta yi girma, jinin kuma ya yi duhu. Zuciyata ta ɗarsa. Sai na dubi fuskar tsohon nan, na ce wahalar hanya ce." Dukanmu abin da ya dame mu shi ne ko wuƙa ta riga mutuwa. Babu wanda ya tambayi abin da ke kashe saniyar.

Ƙanenka Bilya ya durƙusa a bakin gadon ya ce, "Yaya, a rufa wa gida asiri. Ni zan bi gidajen ɗaya-ɗaya a ɓoye. In maganar nan ta fita a kartiye, unguwa ta ji, teburinmu ya mutu, kilishin matarka Saudatu ma babu mai saye." Ba don mugunta ya faɗa ba, gaskiya ce ya hango. Ka buɗe ido da ƙyar ka ce, "Wadda na ba ta ɗiba wa maƙwabciyarta, maƙwabciyar ta aika wa 'yarta. Gida nawa za ka bi? Abakar, tafi wurin ladan. Ya faɗa a lasifika, kuma ya ambaci sunana, don kowa ya san naman da ake nufi." Na ce ko a ce wani mahauci kawai. Ka ce, "Sai a ɓata sunan mahautan Garwa duka saboda ni? Tafi."

Na tafi. Bayan sallar azahar ladan ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Fillanci: duk wanda ya ci ko ya taɓa naman da Ɗanmalam Mahauci ya raba, ya garzaya asibiti da iyalinsa, in akwai saura a ƙone shi. Ban taɓa jin unguwarmu ta yi tsit irin na ranar ba. Can sai mata suka fara fitowa da goyo, 'yan moto suna ta jigila a kan baburansu. Akwai fuskokin da ban taɓa gani ba, har da wata da aka aika wa soyayyen naman can garin Lagdo. Matata Lauratu da ta wanke naman da hannunta, ashe ƙurjin ya soma fito mata a yatsa tana ɓoyewa. Yau ta warke. Malaman dabbobi suka bi sawun garken tsohon nan suka yi wa shanun allura. A cikin duk waɗanda suka ci, kai kaɗai muka binne.

Amma abin da Bilya ya hango bai fasa zuwa ba. Jana'izarka sahun bai kai na mutumin da ya ciyar da rabin unguwa ba. Ranar sadakar uku Saudatu ta sa aka toya waina aka aika gida-gida, farantan suka dawo yadda aka kai su. Waina fa, shinkafa da mai, me ya haɗa ta da saniya? Mutum ɗaya ce ta kunyata mu, Martine mai sayar da gawayi, wadda 'ya'yanta suka ci naman suka sha magani. Ba addininmu ɗaya ba, amma ta shigo ta zauna a tabarmar mata, ta jawo faranti ta ce, "Mama Saudatu, miƙo mini miyar. Yarana suna lekol suna karatu yau saboda mijinki." Ta ci har ta suɗe hannu.

Da na leƙa yi wa Saudatu gaisuwa, ta dubi tabarmin da aka shimfiɗa babu kowa a kai, ta ce, "Alhaji, da ya yi shiru, da gidan nan ya cika." Na ce, "Da ya cika, amma da ba gidan nan kaɗai ake zaman makoki ba." Ta rufe fuska da mayafi.

Mutanen unguwa, gidan yana nan inda kuka san shi. Duk wanda ya ƙirga 'ya'yansa yau ya same su cif, ya san inda ya kamata ya je ya zauna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Saudatu da 'ya'yanta, da Bilya, da dukan mahautan Garwa. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya buɗa muku ƙofar abinci ta inda ba ku zata ba. Allah Ya jiƙan Malam Sulaimanu, Ya yafe masa kuskurensa, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinsa. Ɗanmalam, ka tona asirin kanka don mu rayu. Allah Ya rufa maka asiri a ranar da babu mai rufawa sai Shi. Amin.