Shekarar da Lorna Teague Ta Shuka Doguwa

Lorna Teague ba ta iya hira ba, ni ma ban iya ba, shi ya sa muka daɗe tare. Sunana Orrin. Ɗan ƙwadago ne ni a tuddan Humboldt, duk bazara ina hawa gonarta, in sauko bayan girbi.

Tun tana da ƙuruciya ta hau tudun nan da mijinta Wendell, lokacin da noman wiwi ke kai mutum kurkuku. Da hannunsu suka kafa gidan katako, suka jawo ruwa daga marmaro. Aiki a rabe yake. Iri da shuka na Wendell ne. Yanka, shanya, gyaran kan furen wiwi da almakashi da ciyar da ma'aikata na Lorna ne. Wake da burodin masara take dafa mana, da kofi mai ɗaci kamar maɗaci. In ka yi ƙorafi ta miƙo maka tukunyar ta ce ka dafa naka.

Tsofaffin tudun nan ba sa rubutu. Tun zamanin da jirage masu saukar ungulu ke shawagi a kan bishiyoyi suka gane takarda shaida ce a kotu. Babu suna a kwalbar iri, babu alama a tukunyar shuka, komai a ka. Gwamnati ta halatta noman, ɗabi'ar ba ta tafi ba. To, a watan Fabrairun shekarar da nake magana, Wendell ya faɗi a bakin rumfar itace. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke.

Kwalaben iri biyu ya bari a ƙasan firij, girmansu ɗaya, murfinsu ɗaya. Ɗaya irin gajeriyar wiwi ce, wadda ke riƙe da gidan. Ɗayar doguwa ce, jikar irin ƙasashen zafi, wadda yake shuka 'yan tsiraru a rumfar leda don shan kansa, yana hura mata wuta har sanyi ya shigo. A ƙwaya ba mai raba su. Lorna ta kai masa kwalaben gaban gado ta ce, "Tsoho, wacce ce ta gona?" Ya daɗe yana kallo, sannan ya karkata haɓa wajen ta hagu. Ta shuka ta, gona guda.

'Yarsu Juniper tana birnin Sacramento, ta riga ta samo masa gurbi a gidan kula da tsofaffi. Lorna ta ƙi. Da ƙyar suka tsaya a kan magana ɗaya: idan amfanin bana ya isa a ɗauko mai jinya ya zauna da su cikin hunturu, su ci gaba da zama a tudu. Idan bai isa ba, su sauko. Wendell kuwa tun yana da baki ya sha cewa a fitar da shi daga gidan nan a akwati, ba a mota ba.

Ban hau ba sai tsakiyar Yuli. Ina saukowa daga a-kori-kura na ga gonar, na gane ba gajeriya ba ce. Gajeriya ƙasa take bi, ta yi dunƙule kamar kaza a kan ƙwai, ganyenta faffaɗa, kore mai duhu, gaɓoɓinta a matse. Wannan kuwa ta wuce kaina, ganye siriri kamar yatsun mara lafiya, kore fayau, tsakanin gaɓa da gaɓa tafin hannu zai shige.

Na ce, "Lorna, me kika shuka?"

"Abin da kake gani."

"Doguwa ce wannan."

"Taki ne ya yi mata kaɗan. Ban samu zama na ba ta ba."

"Taki ba ya rage faɗin ganye, tsohuwa."

Ta juya ta shiga gida, wai lokacin juya Wendell ya yi. Ta sani. Tun shukar tana ƙarama ta ga ganyen, amma mai wanke namiji babba, ta ba shi abinci da cokali, ta kwashe masa fo, ba ta da sauran ƙarfin yarda da abin da idonta ya gani. Lokacin sake shuka kuma ya wuce.

Ga inda matsalar take. Gajeriya tana fara huda a Agusta, a yanke ta farkon Oktoba, kafin ruwan sama. Doguwa sai ta gama tsawonta, ta yi jinkirin huda, ta yi jinkirin nuna, har ƙarshen Nuwamba. A nan kuwa sama ba ta jiran kowa. In ruwa ya sauka a kan kai mai kauri, funfuna ke cinye shi daga ciki.

Hollis, maƙwabcinmu na ƙasan rafi, ya leƙo da yamma neman aron famfo. Ya tsaya ya tura hularsa baya.

"Maƙwabciya, gora kika koma nomawa? In sayi biyu in yi tsani?"

"Sayi uku, ka yi sandar da za ka dogara. Na ga ƙafar ta fara ja."

"Ƙafata lafiya lau. Ke dai ki sayo laima, kowace shuka guda."

"Ɗauki famfon ka ɓace min, Hollis."

Ya yi dariya, amma da na raka shi mota dariyar ta ƙare. Ya ce, "Orrin, wannan ba za ta kai ba. Ka gaya mata." Na ce ya gaya mata da kansa. Washegari sai ga shi da tamfol biyu baƙaƙe a bayan mota, ya sauke ya tafi.

Dabara ɗaya ta rage. In ka rufe shuka da tamfol tun rana ba ta faɗi ba, sai ta ɗauka kaka ta zo, ta yi saurin huda. Ana yi wa gajeriya haka cikin sauƙi. Amma yaya za ka rufe abin da ya kusa kai rufin gida? Muka lanƙwasa su, muka ɗaure da igiya a turaku. Wasu suka karye a hannunmu, ƙarar kamar ƙashi. Tamfol ɗin layi ɗaya ya iya rufewa. Kullum la'asar mu ja shi, ita a kan tsani, ni a ƙasa, da safe mu yaye. Ranar da ka yi fashi, ka ɓata na baya duka. Iskar teku ta yaga mana shi, muka ɗinke. Ta sake yagawa. Wata la'asar tsanin ya goce, Lorna ta faɗo a kan wuyan hannu. Ta naɗe shi da tsumman kicin ta sake hawa.

Na ce, "Sauko, ni zan hau."

"Kai? Da wannan tumbin? Tsanin aro ne."

Juniper tana bugo waya duk Lahadi. Ina jin Lorna daga baranda tana cewa, "Lafiya lau, 'yar nan. Sun yi tsawo, gwanin sha'awa." Ba ƙarya ta yi ba.

Farkon Oktoba Hollis ya yanke tasa, warin ya cika kwarin. Tamu, banda layin tamfol, farin gashi kawai ta fitar, kai bai haɗu ba. Lorna ta daina kallon gonar, sama take kallo. Takan turo Wendell a kekensa na guragu zuwa baranda ya sha rana. Ya zuba wa dogayen shukokin ido yana wani gurnani a maƙogwaro. Ko murna ce, ko ban haƙuri, ban sani ba. Sau ɗaya na ji ta ce masa, "Tsoho, ka san abin da ka nuna min kuwa?" Miyau ya zubo masa, ta goge da gefen riga.

Ruwan ya zo bayan tsakiyar wata. Ba yayyafi ba, irin wanda ke kwana ya wuni. Muka fita cikinsa muna girgiza shuka ɗaya bayan ɗaya don ruwa ya zube, kafin mu kai ƙarshen layi, farkonsa ya sake jiƙewa. Da aka ɗan tsagaita sai hazo ya kwanta, shi ya fi muni. Lorna ta kama wani kai a layin tamfol, wanda ya fi kowanne kauri, ta buɗe shi da babban yatsa. Ciki toka-toka, kamar tsohon burodi. Ta buɗe na kusa. Haka.

"Kawo almakashi," ta ce.

Muka yanke abin da ya yanku, muna zubar da rabi. Sauran gonar ɗanya ce, ba mai saye ko a kyauta. Abin da muka rataya bai cika kusurwa ɗaya ta rumfar shanya ba. Ta tsaya a ƙofar rumfar, ruwa na ɗiga daga gashinta, ta ƙare masa kallo. Sannan ta shiga ta kira Juniper da kanta. "Ki zo ranar Asabar, kafin hanya ta zabtare."

Asabar ɗin Juniper ta zo da mota mai faɗin baya. Muka loda gado, da barguna, da tukunyar kofi. Ni na turo keken Wendell. Muna kai bakin ƙofa ya miƙa hannunsa mai lafiya ya damƙi katakon ƙyauren. Na tura, keken ya ƙi motsi. Mutumin da bai iya riƙe cokali sosai ba.

Juniper ta durƙusa. "Baba, don Allah. Akwai taga a ɗakin, ana ganin bishiyoyi." Ta fashe da kuka, ta tashi ta koma mota.

Na ce, "Lorna, ni ba zan iya ba."

"Ban sa ka ba."

Ta zo ta tsaya a gefensa. Da hannun nan mai tsumma ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa su cikin tafinta ta riƙe gam don kada ya sake kamawa. Ba ta kalle shi ba, shi ma bai kalle ta ba.

"Tura, Orrin," ta ce.

Na tura.