Wutar Baba a Bakin Sigina

Shekara tara ke nan da rasuwar Baba, amma bana na fi tunawa da shi, a hawa na sha huɗu na wani dogon bene a unguwar Setapak, can ƙasar waje, inda annoba ta kulle mu ni da maigidana da 'yarmu Hanan.

Baba ma'aikacin reluwe ne a Zariya, zamanin jiragen kwal. Aikinsa zuba wa injin wuta da shebur. Bai taɓa zuwa Ingila ba, amma yana maganar Turawan da suka ƙera kakannin jiragen nan, tun ƙarni na sha tara, kamar 'yan unguwarsu. Har ya tsufa, ko shayi ake dafawa sai ya leƙa murhu ya ce an cika itace. Mu dai dariya muke masa.

Da aka rufe filin jirgin sama, tafiyata gida ta rushe. Na ɗora wa maigida laifin, tunda karatunsa ya kawo mu. Na daina yi masa magana sai ta dole. Na daina girki, kullum sai tapau, wato abincin saye a ƙunshe, daga kedai, shagon da ke ƙasan benenmu, kowa ya ci a kusurwarsa. Ɗaki biyu, taga ɗaya mai kallon titi babu kowa. Wallahi na tsani gidan nan, kuma na fara jin auren yana hucewa ina kallo.

Wata safiya yana koyar da ɗalibai ta kwamfuta a falo, aikin da yake haɗawa da karatunsa, ya nuna musu hoton tsohon injin Ingila mai dogon bututu. Na ji yana cewa idan jirgi ya tsaya a sigina yana jiran a buɗe masa hanya, ma'aikata hutawa suke. Ban san sanda na fito daga ɗaki ba.

"Baban Hanan, ba haka ba ne."

Ya kashe makirfo. "Maman Hanan, ina cikin class fa."

"Class ɗin ne kake koya musu kuskure. Baba ya ce tsayuwa ta fi tafiya wuya. Ka cika kwal, tururi ya yi yawa. Ka yi sakaci, wuta ta mutu. Kaɗan-kaɗan ake zubawa, ko da wuni za a yi."

"In ta mutu fa?"

"Ranar da aka buɗe hanya, jirgin ba zai motsa ba."

Ya dube ni. Ni ma sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa, kunya ta kama ni.

Da Baba zai ga jiragen LRT na garin nan, na ƙasa masu aiki da lantarki, masu wucewa babu hayaƙi babu fasinja, na san tsaki zai yi. Amma da ya leƙa kicin ɗina, ni zai fara yi wa faɗa. Bai bar mana gida ba, shebur ɗin ma na reluwe ne. Abin da ya bari shi ne wannan leƙa murhun da muke yi wa dariya.

Har yau ba a buɗe hanya ba, kuma ban san ranar ba. Amma a wannan yammacin na kunna gas na tuƙa tuwo, na zuba mana a kwano ɗaya.