Fatalwar da ta hana a cire ƙawata daga makaranta

Shekarun baya, lokacin muna lise, wato sakandare, a Garwa, ni ce mai ba ajinmu tsoro. Ina rubuta labaran aljanu da fatalwa a waya, in an fita hutun rana sai a kewaye ni ƙarƙashin darbejiya in karanta. Abin dariyar kuwa, ni ɗin nan ko ƙadangare ya faɗo daga katanga sai na yi salati. Mahaifiyata takan ce, "Ke da ba kya shiga ɗaki sai an raka ki, wai ke ce mai tsorata mutane."

Akwai ƙawata da muke zama benci ɗaya, tana da farfaɗiya. A wajenmu an yarda cewa duk wanda kumfar bakin mai farfaɗiya ta taɓa, shi ma ya kamu. Don haka duk ranar da ta faɗi, aji yakan watse kamar an saki maciji, a bar ta tana buga kai da siminti. Sai ni kaɗai, ina kuka ina kiran malamai. Likita ya sha gaya mata ciwon ba ya yaɗuwa, amma wa zai saurara?

Wata rana ta zo da goshi a kumbure ta ce min, "Baba ya ce ya gaji da ganin rauni a jikina. In na sake faɗuwa na ji ciwo, zai kai ni Bibemi wajen kakata, karatu ya ƙare."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi wa 'yan ajin wa'azi, na yi faɗa, babu wanda ya ko kalle ni. Sai na koma ga abin da na iya.

Na rubuta labarin wata yarinya da ciwon ya kayar a bakin kogin Binuwai tana wanki. Ruwan ko idon sawu bai kai ba, amma duk matan da ke wurin suka gudu don tsoron yawunta, ta mutu a ciki. Daga nan ta fara dawowa. Duk wadda ta gudu, tana buɗe randa za ta ga fuskarta a cikin ruwan, tana tambaya a hankali, "Me ya sa ba ki juya ni ba?" Mace ɗaya kawai fatalwar ta ƙyale, wadda ta taɓa sa mata zane ƙarƙashin kai, ta kwantar da ita ta gefe, ba ta cusa mata komai a baki ba.

Na karanta musu shi ƙarƙashin darbejiya. Washegari wata ta ce min tun jiya a gidansu ƙanwarta take aikawa ta ɗebo mata ruwa a randa.

Ba a daɗe ba ciwon ya tashi ana tsakiyar darasin lissafi. Kafin in miƙe, sai ga shugabar 'yan gudun nan, wadda kullum ita ke fara kaiwa ƙofa, ta cire mayafinta ta tura ƙarƙashin kan ƙawata. Wasu suka janye bencuna, wata ta juya ta gefe. Shugabar ta kalle ni ta ce, "Wallahi ba don ke na yi ba, ni dai kar matar nan ta zo randarmu."

Da ƙawata ta farfaɗo, ta daɗe tana kallonmu. Da yamma na raka ta gida, babanta ya duba kanta, ya duba gwiwoyinta, bai ga ko ƙwarzane ba. Ta ce masa, "Baba, yau da na buɗe ido fuskoki na gani. Da can ƙafafu kawai nake hangowa a bakin ƙofa." Sai ya ce ta wanke kayan makarantarta, gobe akwai makaranta.

Tare muka ci bak, jarrabawar gama sakandare. Har yau ina rubuta labaran tsoro, kuma har yau ana ce min shirme ne, ba na musu. Ni dai na san da gaskiya na fara zuwar musu suka toshe kunne, sai da na aiko musu da fatalwa sannan suka durƙusa suka riƙe 'yar'uwarsu.